Sabon Rai Don Kowa: Waiwaye Kan Falkaswar Shekarun 1960

An nemi in cika shafin tarihi na bana, sai na zaɓi in yi magana a kan Sabon Rai Don Kowa. In ka tambayi yaron yau mene ne Sabon Rai, zai ce maka ai ƙungiyar mawaƙa ce a coci, masu ganga da caki da anko, waɗanda akan ba su fili ran Lahadi su yi waƙa ɗaya ko biyu. Bai yi ƙarya ba, abin da ya tarar ke nan. Amma mu da muka ga farkon al'amarin mun san waƙa ɗaya ce kawai daga cikin kayan aikinsa. 'Yan'uwanmu Musulmi da muka ci tuwo a kwano ɗaya a makaranta, ina fata su ma su karanta, domin wani yanki ne na tarihin garuruwan da muka tashi tare.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane abin da ya faru. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Biyu suka mutu cikin shekara guda, Bingham ne kaɗai ya tsira, kuma sai a 1902 mishan ɗinsu, wato SIM, ta samu zama a Fategi. A 1904 Karl Kumm da abokansa na SUM suka kafa sansani a Wase. Mutanen Denmak suka sauka a Numan a 1913, mishan ta 'Yan'uwa kuma a Garkida a 1923. Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, yawancin aikin ya tattaru ne a tsakanin mutanen duwatsu da na kwarin Binuwai. Mishan-mishan ɗin kuma suka raba ƙasa a tsakaninsu, kowa da gonarsa. Saboda haka ɗariƙar mutum takan zama ta wurin da aka haife shi ne: ɗan Langtang na SUM, ɗan Kwoi ko Kagoro na SIM, ɗan Garkida na 'Yan'uwa. Igiyar da ta ɗaure su duka ita ce Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Da shi ne Birom da Angas da Tarok da Jaba da Bachama da Bura suka iya zama a benci ɗaya su ji juna.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. An buɗe cibiyar horaswa ta Gindiri a 1934, a 1938 aka naɗa fastocin farko na SUM a Filato, su Toma Tok Bot da Bali Falang da Dawuda Lot. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, tarayyar ikkilisiyoyin SUM da ta zama TEKAN daga baya kuma a 1955.

To, a nan ne matsalar take, kuma ita ce ba a cika faɗa ba a tarurrukan tuna baya. Iyayenmu da kakanninmu, masu bi na farko, sun sayi bangaskiyarsu da tsada. An kori wasu daga gida, an hana wasu mata, an ƙwace wa wasu gona don sun ƙi ba da akuyar tsafi. Mu 'ya'yansu kuwa a kwance muka same ta. An raɗa mana Yohanna da Saratu, an sa mu a makaranta, kuma kowa ya san hanyar mishan ita ce hanyar zama malamin makaranta ko akawun En'e ko na kamfanin kuza. Masujada ta cika, amma yawancinmu Kiristan gado ne. Aikin Allah kuwa an bar wa fasto da mai bishara, sauran jama'a nasu su zo ran Lahadi su ba da baiko su koma. Akwai horo mai tsanani, wanda aka kama da burkutu ko ya ƙara mata a hana shi jibin Ubangiji a mai da shi bencin baya. A ganina abin da horon nan ya fi koya wa mutane shi ne iya ɓoyo. Mutum yakan sha abinsa a ƙauyen da ba a san shi ba, ya tauna goro, ya dawo ya ja waƙa.

Ana cikin haka aka samu 'yancin kai a 1960. Turawan mishan sun san kwanakinsu sun kusa ƙarewa. Tsakanin 1963 da 1965 Firimiyan Jihar Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, ya riƙa rangadin musuluntarwa a larduna da dama, wasu sarakuna da talakawansu suka karɓi Musulunci. Hankalin shugabannin Kirista ya tashi, a 1964 aka kafa ƙungiyar Kiristocin Arewa domin a yi magana da murya ɗaya a gaban hukuma. Wannan amsa ce ta siyasa, kuma tana da amfaninta. Amma a daidai lokacin akwai wasu da suke duban cikin gida, suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ya tsage namu ne.

Cikin masu wannan tunani akwai Gerald Swank, Baturen SIM da ke koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ko da makarantun tauhidi za su yi ta yaye fastoci dare da rana, ba za su taɓa isa kowane ƙauye ba, sai fa in kowane mai bi ya ɗauki aikin a matsayin nasa. A 1963 shugabannin ikkilisiyoyi da na mishan daban-daban suka amince da shirin, aka sa masa suna Sabon Rai Don Kowa, aka buɗe ofis a Jos, a 1964 kuma aka fara aiki a lardunan Zariya da Filato. Tsarin ya yi kama ƙwarai da wanda Kenneth Strachan ya fara gwadawa a Nikaragwa a 1960. Shi Strachan ya zauna ne ya yi nazarin ƙungiyoyin da ke saurin yaɗuwa a zamaninsa, har da 'yan Kwaminis da Shaidun Jehobah, ya ga sirrinsu ɗaya ne, wato babu ɗan kallo a cikinsu, kowa ma'aikaci ne.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, yanzu da nake duban abin da idon tsufa, shi ne jerin yadda aka tsara aikin. Ba a fara da fita wa'azi ba. An fara ne da ƙananan ƙungiyoyin addu'a, mutum biyar ko shida ko bakwai, a zauren wani ko a gindin bishiya, yawanci da asuba kafin a tafi gona. Bayan wannan sai watanni na nazarin wani ɗan littafin jagora da aka buga da Hausa da Turanci, wanda kowane mai bi zai bi darasi bayan darasi. Tambayar farko da littafin da masu koyarwa suke sa mutum ya yi wa kansa ita ce ko shi kansa yana da sabon ran da yake shirin kai wa wasu. Sai an wuce nan ne ake fita bibbiyu gida gida, da rani kuma a tura ƙungiyoyi zuwa ƙauyuka masu nisa, a ƙare da babban taro da jerin gwano a cikin gari.

Wannan tambaya ta farko ita ce ta girgiza mutane. Dattawan ikkilisiya da suka shekara ashirin suna raba jibin Ubangiji suka tashi a gaban jama'a suna hawaye. A taron mutum shida da suka san juna tun suna yara, ɓoyo ba ya yiwuwa. Ba za ka iya durƙusawa kowace asuba kusa da mutumin da ka ci wa iyakar gona ba, kana jin yana ambaton sunanka a addu'a, ka daɗe a haka. Ko ka daina zuwa, ko ka gyara.

Na ga wannan da idona lokacin hutu a ƙauyenmu. Akwai wani dattijo da ya matsar da duwatsun iyaka cikin gonar ɗan ƙanensa maraya, magana ta je gaban dagaci ta dawo ba a warware ba, shekara da shekaru. Wata safiya aka gan shi shi kaɗai yana ɗaukar duwatsun yana mai da su inda suke, bayan girbi kuma ya aika da damin dawa gidan yaron a madadin abin da ya ci. Akwai wata mai awo a kasuwarmu da kowa ya san tana da mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Ita da kanta ta kawo ƙaramin gaban mata 'yan'uwanta ta fasa. Matan 'yan'uwa biyu da suka yi shekaru ba sa ga-maciji suka koma daka a turmi ɗaya. Labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda ya mayar wa mutane abin da ya zalunce su, shi ne wa'azin da aka fi yi a watannin nan, kuma mutane sun ɗauke shi a zahirinsa.

A makarantarmu ma iskar ta kaɗa, 'yan ajinmu za su tuna. Littattafan laburare da aka daɗe da fid da rai a kansu suka riƙa bayyana a kan teburin malami da safe. Cokula da kwanonin ɗakin cin abinci suka dawo har aka rasa wurin ajiya. Wasu manyan ɗalibai da suka saba gasa wa ƙanana aya a hannu suka shiga ɗakin kwananmu suna neman gafara, mu kuwa muka yi tsuru-tsuru muna jiran mu ga ko wata sabuwar dabarar mugunta ce. Malamanmu da ke karanta wannan za su gaya mana ko sun yi mamaki kamar yadda muka yi.

Yaya wannan ya zama gyaran gari? Ta hanyoyin da ba a rubuta a cikin shirin ba. Dawar da a da ake jiƙawa a yi burkutu ta zauna a rumbu har tsakiyar damina, lokacin da yunwa ta saba shiga gidaje. Kuɗin da ke ƙarewa a gidan giya ran kasuwa ya koma kuɗin makaranta da kwanon rufi. Wanda aka ba shi jagorancin ƙungiyar addu'a dole ya iya karatu, sai ga magidanta da gemunsu suna zuwa ajin Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Arewa ta kafa tun shekarun 1950, wanda a da suke cewa na yara da marasa aikin yi ne. Mata kuwa, ko da yake Zumuntar Mata ta girmi Sabon Rai, a nan ne da yawansu suka fara buɗe Littafi a gaban maza suna koyarwa, ba wanda ya ce su zauna. Daga masu koyarwar nan ne aka samu matan da suka riƙe asusun taimakon gwauraye da marayu a ikkilisiyoyi da dama, kuma sun fi mazan iya riƙon amana, wannan kowa ya sani.

Sannan ga rushewar shingen ɗariƙa da na ƙabila. Mutumin ECWA da na SUM da Baptis da Angilika, waɗanda a da kowa ke ganin nasa ne kaɗai ke kan hanya, suka shiga mota ɗaya suka kwana a tabarma ɗaya a ƙauyen da ba na ɗayansu ba. Ƙabilun da kakanninsu suka yi yaƙi da juna suka aurar wa juna 'ya'ya. Aikin bai tsaya shi kaɗai ba, ya tarar da wasu ayyuka ya ba su ma'aikata. Ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka kafa tun 1948, tana tura iyalai su zauna a baƙon wuri su yi noma su ci da kansu suna wa'azi. Peter Batchelor na SUM ya fara shirinsa na haɗa bangaskiya da noma a ƙarshen shekarun 1950, yana koya wa manoma huɗa da shanu da kiwo da tattalin ƙasa. Rediyon ELWA da ke Laberiya tun 1954, da Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos ana watsawa daga Adis Ababa har zuwa 1977 da sojojin Habasha suka karɓe tashar, suna kai wa'azi da waƙoƙin Hausa inda ƙafa ba ta kai ba. Kafin shekarun 1960 su ƙare shirin ya bazu zuwa sauran larduna, ya ƙetara zuwa wasu ƙasashen Afirka, har Eileen Lageer ta rubuta littafi a kansa a 1969.

Ba zan ɓoye inda aka yi ɓarna ba. Cikin zafin tuba an ƙone abubuwa da yawa da sunan kayan tsafi, waɗanda wasunsu kayan kiɗa ne da na tarihi kawai, yau jikokinmu sai dai su gan su a gidan ajiye kayan tarihi na Jos, in an yi sa'a. An kira raye-rayen girbi arnanci ba tare da an tsaya an tace ba. Hausar da ta haɗa mu ita ce kuma ta danne harsunan iyayenmu a cikin sujada, har aka yi zuriyar da ba ta iya addu'a da harshen uwarta ba. Wasu matasa kuma suka ɗauki sabon ransu ya zama sandar dukan iyayensu. Ga kuma son lissafi: a dawo daga fita a ce mutum kaza sun tuba, bayan damina a koma a tarar ba wanda ya je ya koya musu komai, sun koma inda suke. Tambayar abin da za a riƙe da abin da za a yar daga al'ada ita ce Byang Kato, ɗan Kwoi, ya sa a gaba lokacin da ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka a 1973. Ruwa ya ci shi a gaɓar tekun Mombasa a Disamban 1975 yana da shekara 39, muhawarar kuwa har yau ba a rufe ta ba.

Akwai kuma tambaya mai nauyi da duk mai rubuta wannan tarihi ya kamata ya tsaya a gabanta. Shekara biyu kacal bayan fara Sabon Rai aka yi kashe-kashen 1966, Jos da Bukuru suna cikin garuruwan da aka zub da jinin 'yan ƙabilar Ibo, waɗanda yawancinsu Kirista ne. Akwai masu bi da suka ɓoye maƙwabtansu a rumbu da cikin masujada, suka raka su tashar jirgin ƙasa da dare. Akwai kuma masu sunan Kirista da aka gani da adda, da waɗanda suka kwashe kayan shagon da aka gudu aka bari. Falkaswar ta shiga zukata da yawa, amma ba ta kai ga hana wannan ba, kuma duk wanda ya ce ta kai yana yi wa tarihi kwaskwarima ne.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, wutar ta koma hannun ɗalibai. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ta bazu a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa. Da gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sujadar dole ta ragu, sai ya zama taron da ɗalibai ke yi da son ransu shi ne ya riƙe abin. Da yawa daga cikin fastoci da likitoci da malaman da ke cikin wannan ƙungiya tamu daga can suka fito. Amma kuma a wurin wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista ne, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, rikicin Maris 1987 ya tashi ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa. Daga nan sai Zangon Kataf a 1992, sai Jos a Satumban 2001. A shekarun nan na lura wa'azinmu ya sauya. A 1964 mai wa'azi yakan nuna ƙirjinsa ne da na masu sauraronsa. Daga baya yatsan ya juya waje, laifi ya zama na wancan ɓangaren kullum, taron falkaswa kuma ya koma wurin neman arziki da kariya daga maƙiya.

Duk da haka tsohuwar hanyar ba ta mutu ba. Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasan Kirista a faɗace-faɗacen 1992, ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, kuma kowannensu ya faɗa a fili cewa ya ɗauki lokaci yana kokawa da ƙiyayyar da ke cikinsa, ta hanyar koyarwar addininsa, kafin ya iya amincewa da ɗan'uwansa. Cibiyar sulhu da suka kafa ita ce ta shiga tsakani a Yelwan Shandam bayan kashe-kashen 2004, har aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a 2005. Ba 'yan Sabon Rai ba ne, ɗayansu ma ba Kirista ba ne, amma jerin aikin iri ɗaya ne da na dattijon nan mai duwatsun iyaka.

Shi kuwa Sabon Rai Don Kowa, sunan ya rayu a ikkilisiyoyinmu, ƙungiyoyinsa suna waƙa, wasunsu har yanzu suna fita wa'azi da rani, Allah ya saka musu. Ƙananan tarurrukan asuba ne suka yi ƙaranci, kuma na daɗe ban ji an ce wani ya tashi daga addu'a ya je ya biya tsohon bashi ba.

Ina da roƙo ga 'yan'uwa. Waɗanda suka shiga aikin 1964 da 1965 da ƙafafunsu suna ta raguwa, 'yan ajinmu ma kowace shekara sai an karanta sabbin sunaye a yi shiru na minti ɗaya. Duk wanda ke da kwafin ɗan littafin jagoran nan na Hausa, ko tsofaffin hotunan fita wa'azi, ko takardun da iyayensa suka rubuta sunayen 'yan ƙungiyar addu'arsu, ya taimaka ya kawo wurin taronmu na shekara a ba sakatare, a ɗauki hotonsu a ajiye a laburaren makaranta, a mayar wa mai abu abinsa. Nawa kwafin gara ta cinye rabinsa, daga darasi na huɗu zuwa ƙarshe ne kawai ya rage, zan zo da shi.